Inda Gawar Sarauniya Ta Kwana

Unguwar Ɗan Iya, Bauchi
4 ga Janairu, 1987

Ƙanena Sabitu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya, sai ƙafar maigidan da ta ɗan motsa, ita ma da sauƙi. 'Yarka Fatu tana nan ƙalau, tana cin abinci, ta kuma koma makaranta, tare muke tafiya muke dawowa.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ɗin matarka Saudatu a gidan mahaifinta Modibbo, can Gwallameji. An taru sosai. Kowa ya zo sai ya tambaye ni kai, ni kuma in ce karatu ne ya riƙe ka.

Takardarka ta iso. Na karanta ta har ƙarshe, na juya bayanta ko akwai saura. Shafi biyu ka cika da labarin sanyi da jirgin ƙasa da wasu duwatsu da kake zuwa kallo. Ko sau ɗaya ba ka rubuta sunanta ba. Ba ka tambayi yadda aka yi ba, amma zan faɗa maka, don kada wata rana ka ce ba a faɗa maka ba. Shawara ce. Idonta ya yi rawaya, muka kai ta asibiti, ba ta cika mako ba. Da hantsi ta cika, ina riƙe da hannunta, bayan la'asar aka kai ta. Abin da kawai ta ce da ni shi ne in riƙe Fatu har ka dawo.

Na san ni da kai ba ɗaki ɗaya muka fito ba, kakanninmu ne wa da ƙani. Amma tun da iyayenka suka rasu ni ce dai na rage maka a garin nan, don haka dole ka ji daga bakina. Abu biyu nake so ka amsa. Kayan ɗakinta suna nan a gidanku na Gwallaga a kulle, yaya za a yi da su? Sannan yaushe za ka zo?

Yayarka,
Yelwa


London
26 ga Janairu, 1987

Yaya Yelwa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Ina lafiya. Ki gaida Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida Baffa Modibbo da Dada. Allah ya saka miki da alheri a kan Fatu.

Kin ce ban rubuta sunanta ba. Gaskiya ne. Na ɗauki biro in rubuta, sai in ga na rubuta wani abu dabam. Ranar da wayar tangaraho ta zo da labarin rasuwar ina ɗakin karatu. Na karanta, na ninke ta, na ƙarasa shafin da nake kai, sannan na fita na sayi burodi. Tun ranar nake jira in ji wani abu, har yau shiru. Ina ci, ina barci, ina zuwa wurin malamina. Kamar an aiko wani ne yana yi mini waɗannan abubuwa ni kuma ina kallonsa.

Duwatsun da kika ambata su ne aikin da aka turo ni yi, bari in yi miki bayani ko kya daina ganin wasa nake. Kusan shekara ɗari bakwai da suka wuce an yi wani sarki a ƙasar nan, Edward na Farko. Matarsa Eleanor ta rasu suna kan tafiya, can arewa kusa da wani gari Lincoln, a watan Nuwamba. Aka ɗauko gawarta zuwa London, ana tafiya ana yada zango. Bayan an binne ta sai sarkin ya sa aka gina doguwar hasumiyar dutse mai gicciye a kai a duk inda gawar ta kwana, don masu wucewa su tsaya su yi mata addu'a irin tasu. Goma sha biyu aka gina, uku suka rage a tsaye. A jikin kowacce an sassaƙa siffarta. Aikina shi ne in gano yadda sarakunansu suke amfani da irin wannan sassaƙa ta addini su nuna ƙarfin mulki.

Kabarinta yana cikin babban cocin Westminster, inda suke binne sarakuna. An ƙera ta da tagulla a kwance a kan kabarin, gashinta a sake, hannu ɗaya a ƙirji. Kusan kullum ina can. In sun buɗe in shiga, sai sun zo rufewa nake fita. Yanzu babu inda nake iya zama in samu natsuwa sai cikin cocin nan. Babu mai yi mini ta'aziyya a ciki, babu mai kallon fuskata ya ga ko na yi kuka.

Ga kati mai hoton kabarin na sa a ciki, ki ba Fatu, na san tana son hotuna.

Zuwa gida sai na gama wannan zangon. In na taho yanzu ban san abin da zan yi da kaina a Bauchi ba.

Ƙanenki,
Sabitu


Unguwar Ɗan Iya, Bauchi
21 ga Fabrairu, 1987

Sabitu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ka nutsu ka karanta wannan da kyau.

Ranar da takardarka ta zo Modibbo yana gidanmu, ya kawo wa Fatu nono. Ya ga ambulan a hannuna, ya ce, "Daga mijin marigayiya ne? Karanta mana mu ji." Ka san ba ya karatun boko. Ni kuma ban riga na duba ba, na buɗe na hau karantawa a fili. Sai da maganar ta fita daga bakina sannan na ji abin da na faɗa, wai babu inda kake samun natsuwa sai cikin coci. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To." Ya sa takalmansa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Wannan bai isa ba. Na ba Fatu katin kamar yadda ka ce. Ashe ta sa shi a jakarta ta tafi da shi Islamiyya, tana nuna wa yara tana cewa mamanta ce take barci, babanta ya aiko da hotonta daga Ingila. Malaminsu ya karɓa, ya duba, ya aika wa Modibbo da shi. Kafin sati ya zagayo, daga Gwallaga har bakin kasuwar Wunti maganar ɗaya ce: Sabitu ya shiga coci, har ya sa an ƙera masa gunkin matarsa.

Na je Gwallameji da kaina na yi bayani. Na ce aikinka ne, gwamnati ce ta tura ka, matar da ke jikin katin sarauniyar Turawa ce da ta mutu tun kafin a kafa garin Bauchi. Dada, mahaifiyar marigayiya, ta saurare ni tana kuka. Modibbo ya ce, "Malama Yelwa, aiki na sa mutum ya shiga wuri. Amma shi natsuwa ya ce."

Yanzu ya ce jikarsa ba za ta tashi a hannun wanda ba a san alƙiblarsa ba, zai ɗauke ta. Na roƙe shi ya bari mu ji daga gare ka, ya yarda. Ni na san ka tun kana rarrafe, ban yarda da maganar mutane ba. Amma ka rubuto a fili, da kalmomin da tsoho zai gane, cewa kana nan a kan addininka kuma Fatu ta zauna a wurina. Kada ka sa labarin dutse ko ɗaya a ciki.

Yelwa


Northampton
3 ga Maris, 1987

Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Malam da yara. Na bar London mako biyu ke nan, ina bin hanyar da aka bi da gawar sarauniyar, don haka in kin rubuto ban gani ba tukuna, sai na koma.

Jiya na je wani ƙauye, Geddington. Hasumiyar tana tsakiyar garin, a mararraba, motoci na zagaya ta. Doguwa ce siririya, an yi mata ado da furanni na dutse tun daga ƙasa. Siffar sarauniyar tana can sama cikin wasu 'yan taguna, ruwan sama ya cinye mata fuska. Na zauna a gindinta ina zane har yatsuna suka ƙage. Wata tsohuwa ta fito daga gidanta ta ba ni shayi, ta tambaye ni ko ina da iyali. Na ce ina da mata da 'ya. Sai da ta koma ciki na lura da abin da na ce.

Akwai abin da ban gaya miki ba wancan karon. Ba wuri ɗaya aka binne ta ba. Kayan cikinta an bar su a Lincoln, zuciyarta an kai wani gidan masu ibada a London, sauran jikin kuma Westminster. Haka manyansu suke yi a lokacin, wai don a samu masu addu'a a wurare da yawa. Na daɗe ina tunanin mutumin nan. Malamina ya ce duk siyasa ce, yana so a ga girman gidansa. Wataƙila. Ni dai gani nake mutum ne da ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya sa aka yi ta gini.

Na tuna ban ba ki amsar tambayarki ba. Duk abin da Saudatu ta bari, Baffa Modibbo ya ɗauka, shi ya fi cancanta. Ni ba zan iya riƙe komai ba yanzu, ba na kuma so in dawo in tarar da abin da zai tuna mini. Ki ba shi makullin.

Kin ga na rubuta sunan.

Sabitu


Unguwar Ɗan Iya, Bauchi
29 ga Maris, 1987

Sabitu,

Muna lafiya. Fatu tana Gwallameji.

Na gane takardunmu sun saɓa a hanya, na ga kwanan watan. Amma Modibbo kullum sai ya aiko ɗansa Jalo ya tambaya ko amsa ta zo, ranar da ta zo kuwa tare suka iso, shi da Jalo. Wannan karon bai ce in karanta ba, Jalo ya miƙa wa. Jalo ya karanta tun daga shayin tsohuwa har zuwa zuciyar da aka cire. Da ya kai inda ka ce duk abin da Saudatu ta bari Modibbo ya ɗauka, ba ka iya riƙe komai, sai tsohon ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Na ce, "Baffa, kayan ɗaki yake nufi. Gado da kwanuka. Ni na tambaye shi." Ya ce, "Me Saudatu ta bari a duniya da ya wuce yarinyar nan?" Na ce ka rubuta wannan ne kafin ka ga tawa. Ya ce shi abin da aka karanta masa ya ji.

Da ina da ƙafar tsayawa da na tsaya. Amma an yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa Azare, bayan sallah za mu tashi, Modibbo kuma ya sani. Ya ce ba za a kai masa jika wani gari ba alhali uban ma ya sallama. Maigidan ya ce in bari, ba mu da hurumi.

Ni na haɗa mata kayanta. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauka kwana biyu za ta yi. Ta tambaye ni ko za ta tafi da kayan makaranta, na ce ta tafi da su. Jalo ya ɗora ta a babur. Na koma ciki na ci gaba da tankaɗen da nake yi. 'Yata A'i ce ta ce, "Mama, garin ya ƙare tun ɗazu."

Amana ɗaya aka ba ni, ga yadda ta ƙare. Ba na jin haushinka, na ma gaji da jin haushi. In kana da abin faɗa, ka faɗa wa Modibbo da bakinka. Ni na daina karanta wa kowa takardarka.

Yelwa


London
17 ga Afrilu, 1987

Yaya Yelwa,

Na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, sai ban gane ba, na sake daga farko.

Ban bar sallah ba. Ko ranar da wayar ta zo na yi ta, a bayan kantocin littattafai. In lokaci ya yi ina cikin cocin nan, fita nake in nemi wuri. Ban san ko wannan zai yi wa wani amfani yanzu ba.

Na zauna a bakin gado ina jira raina ya ɓaci, a kan malamin Islamiyya, ko Baffa, ko ni kaina. Bai ɓaci ba. Abin da kawai ya tsaya mini shi ne maganar Fatu, wai mamanta ce take barci. Ni na aika mata da katin, ban kuma rubuta ko kalma ɗaya a bayansa ba.

Na gaya wa malamina zan tafi gida. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce matata ta rasu. Ya ce yaushe, na ce tun Nuwamba. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Akwai takardun da sai an sa hannu kafin su sake ni, ba zan samu azumi a gida ba, amma ina tafe.

Ba ki ci amana ba, Yaya.

Sabitu


Gwallameji, Bauchi
12 ga Yuli, 1987

Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum. Ya baƙunta, ya Azare? Ina fata Malam ya saba da sabon ofis, A'i kuma ta samu makaranta. Na iso Bauchi ranar Litinin. Wani direba da ke zuwa wajenku zan ba wannan.

Na fara sauka a Gwallaga. Maƙwabta sun amsa sallamata, amma babu wanda ya ce in shigo in sha ruwa. Ɗakin babu kowa babu komai, an kwashe, an share. Ban kwana ba, na ɗauki jakata na hau tasi zuwa Gwallameji.

Jalo na fara gani, na roƙe shi ya kai ni maƙabarta. Ruwan bana ya kwantar da ƙasar wurin, ciyawa ta rufe. Ya tsaya tsakanin kaburbura biyu yana dubawa, ya ce yana jin na dama ne, amma ba zai rantse ba. Na yi addu'a a kan duka biyun.

Da muka dawo Baffa yana ƙofar gida a kan buzu, ana shigo da shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Ya amsa kamar jiya muka rabu. Bai tambaye ni komai ba. Duk bayanin da na shirya a jirgi ban sami inda zan sa shi ba. Muna zaune har aka kira magariba. Mutanen unguwa suka taru a ɗan masallacin ƙofar gidansa, sun fi na kullum yawa in ji Jalo, an ji na zo. Aka tayar da iƙama. Baffa ya taka zai shiga gaba, sai ya tsaya, ya juyo ya kama hannun rigata.

"Sabitu, ja mu."

Na ce, "Baffa, kana nan?"

Ya ce, "Ja mu."

Na shiga gaba. Ina jin numfashin mutane a bayana. Na karanta Fatiha da sura, ban yi tuntuɓe ba, muryata ba ta yi rawa ba. Na yi sallama. Wasu suka miƙo mini hannu, wasu suka fita abinsu.

Da kowa ya watse ya rage ni da shi. Ya ce, "Gwada ka na yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma tun kafin ka yi kabbara na san ba addini ka bari ba."



Sannan ya ce, "Tun ranar da aka kai Saudatu hawaye bai fito mini ba. Mutane suna cewa Modibbo akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Ban san ko mene ne ba. Da Malama Yelwa ta karanta takardarka, na ji kana faɗin abin da ke jikina, sai na ji tsoro. Na ce in wannan abin ya kai shi coci, ni ina zai kai ni? Na ɗauko yarinyar nan ne ko zan ji wani abu."

Na ce, "Ka ji, Baffa?"

Ya ce, "A'a. Sai dai in gari ya waye na san akwai wadda za a yi wa shirin makaranta."

Bai cire Fatu daga boko ba, Yaya, na san kina so ki ji wannan. Jalo ke kai ta a babur har Ɗan Iya.

Dada ta turo Fatu ta kawo mini abinci. Ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fita. Ta ajiye kwanon daga nesa, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Dada ta leƙo ta ce, "Ke, babanki ne." Ta dube ni, ta dubi Dada, ta ruga ciki.

Baffa ya ce 'yata ce, ranar da na ga dama in ɗauke ta. Na ce ba zan ɗauke ta zuwa ɗakin da babu kowa ba, ba ta ma san ni ba. Ya sa aka share mini ɗakin zaure. Nan nake kwana. Na rubuta wa malamina na ce ya ba ni shekara guda. Zanen hasumiyoyin suna cikin jaka, ban buɗe ba, ban sani ba ko zan koma in ƙarasa.

Ranar Alhamis babur ɗin Jalo ya ƙi tashi, na ce ni zan kai ta. Muka fita neman tasi. Tana gaba ina baya, ba ta yarda mu jera ba, in na yi sauri ita ma sai ta ƙara. Da muka iso bakin babban titi motoci suna wucewa, ta tsaya. Ba ta dube ni ba, ta ɗago hannu ta kama ɗan yatsana. Muka tsallaka. Muna kaiwa ɗaya gefen ta saki, ta ci gaba da tafiyarta.

Ba zan yi miki ƙarya in ce wani abu ya buɗe a ƙirjina ba. Har yanzu shiru ne. Amma an gyara babur ɗin tun jiya, na kuma ce da Jalo ya bar shi, gobe ma ni zan kai ta.

Ki gaida Malam da A'i.

Ƙanenki,
Sabitu